Sunan da Na Ara

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan magariba

Yau ma mun kalli fim ɗinmu na Koriya ni da Yaya Surayya, kashi na shida. Ƙa'idarmu ke nan, kashi ɗaya duk Juma'a bayan la'asar, ranar da nake hutu na dawo unguwarmu Hindawiyya, nan Jidda, daga aikatau a unguwar Abhur. Ita ke riƙe waya, tana karanta Larabcin da ke ƙasa tana juya mini da Hausarta ta 'yan Jidda, rabi Hausa rabi "ya'ani". Ni baƙaƙen na sani tun a makarantar allo, amma kafin in haɗa kalma ɗaya an wuce goma.

Sunayen mutanen ba sa zama a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Dogo ɗan sanda ne da ya shiga cikin 'yan ƙwaya da sunan ƙarya. Mai Jan Baki ƙanwar ogan 'yan ƙwayar ce, tana mutuwar son Dogo, ko sunansa na gaskiya ba ta sani ba. Kofur kuma abokiyar aikinsa ce, kullum tana cikin mota da abu a kunne, tana sauraron duk daɗin bakin da yake yi wa wata. Yaya 'yar gidan Kofur ce, ko tari ta yi sai ta ce "miskina".

Na ce wallahi Dogon nan matsoraci ne, ya buɗe baki ya gaya wa yarinya gaskiya mana. Yaya ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, "Ke ce mai faɗin haka, ya Mariyamu?" Na ce ta ci gaba da fassararta, ba da ita nake ba.

Ta fi ni gaskiya. Bari in rubuta a nan, tunda babu mai karanta boko a gidan nan. Shekara huɗu ke nan da na zo Umara daga Funtuwa na ƙi komawa. Kawu Gwadabe, ɗan uwan Inna, ya ba ni katifa a ɗakin 'yarsa Surayya. Da Madam Areej ta ce ba ta ɗaukar mai aiki sai da hoton iƙama, wato takardar izinin zama, Yaya ce ta ba ni hoton tata a ɓoye. Kawu bai sani ba, don ya sha rantsewa cewa ba a wasa da takarda a gidansa, kuskure ɗaya sai a kore su duka. To shekara biyu ke nan a Abhur ni ce Surayya Gwadabe. Madam haka take kirana. Hashim, direban gidan, shi ma haka yake kirana, sai dai shi yana jan ƙarshen sunan kamar ba ya so ya ƙare.

Litinin, 6 ga Oktoba, 2:00 na rana

Innalillahi. Rubutun nan ko ni ba lalle in iya karanta shi gobe ba.

Ina yanka albasa Hashim ya tsaya a ƙofar bayan kicin yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Wata shida yana cewa zai turo manya, ni kuma ina cewa ya dakata, Baba ba shi da lafiya, ya dakata, zafi ya yi yawa, ya dakata. Har sarƙa mai suna ya sa aka yi a kasuwar Balad. Watan jiya ya nuna mini zane uku a waya, na zaɓi mai siririn rubutu, ina dariya, ina ganin abin da sauran nisa.

Ya ce, "Halas, ya Surayya, na gaji da dakata. Na gaya wa baffana, Ammi Mahmudu. Ashe ya san babanki! Shekara talatin suna ɗaukar kaya tare a tashar jiragen ruwa. Nan take ya buga masa waya, kuma babanki ya ce marhaba."

Na ce, "Ka yi me?"

Ya ɗauka kunya ce. Ya yi dariya, ya ɗauki tumatir ɗaya ya jefa a baki ya tafi ɗauko yaran Madam daga makaranta.

Litinin, bayan la'asar

Ba 'yar aiki ya nema ba. 'Yar Gwadabe ya nema, kuma Gwadabe 'ya ɗaya ke gare shi.

Talata, 7 ga Oktoba, 6:00 na safe

Zan gaya masa yau.

Talata, bayan magariba

Ban faɗa ba. Na kai masa shayinsa, babu sukari kamar kullum, na tsaya, sai ya fara ba ni labarin wansa Othman, wanda na ji ya fi sau goma. Othman ya auri mace marar takarda, aka kama ta a hanyar kasuwa aka mayar da ita gida, ga yara uku ba makaranta, ƙaramar har yau tana tsayawa a bakin ƙofa. Hashim ya ce, "Ni a nan aka haife ni, na san wahalar nan. Ba zan haifi yaro marar takarda ba, ko da zan mutu gwauro. Alhamdulillahi da Allah ya ba ni ke."

Na karɓi kofin na ce Madam na kira. Ba ta kira ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Na dawo gida na tarar Kawu ya yi aski. Mutumin da tun da ciwo ya taɓa masa hannu da gefen baki ba ya yarda ya dubi madubi, yau ga shi da hula, ga turare, yana zaune a falo kamar ana jiran gwamna. Ya ce, "Mariyamu, zo ki ji! An zo neman yayarki. Ɗan mutunci, ɗan gidan Mahmudu. Na ce wa Allah kada ya ɗauke ni sai na ga ranar nan, kin ga ya ji ni."

Yana magana yana kuka da ido ɗaya, ɗayan ba ya kawo ruwa tun ciwon. Shekarun Yaya talatin da bakwai. Tun shan inna da ta yi tana ƙarama take jan ƙafar hagu, kuma babu namijin da ya taɓa sallama a gidan nan dominta. Ita ke yi wa Kawu wanka, ita ke yanke masa farce.

Ya tambaye ta, "Wai a ina ya gan ki ne?" Na tsaya da jaka a hannu, na ce to yau za a yi ta. Yaya ta ci gaba da ninke tawul ta ce, "Wataƙila a bikin su Madina, Baba."

Ba ta dube ni ba. Na ce mata mabruk a gaban Kawu, kamar yadda ake cewa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Kashi na bakwai. Dogo ya kai Mai Jan Baki cin taliya a wani ɗan shago, tana ta surutu, shi yana kallon tebur. Ban ce matsoraci ba.

Da aka gama na ce, "Yaya, me za mu yi?"

Ta ce, "Ki bar Baba ya kwana biyu da farin cikinsa. Rabon da ya cinye kwanonsa tun azumi. Daga baya mu gani."

Na ce, "Ai kin san ba ke yake nufi ba."

Ta ce, "Na sani, ba mahaukaciya ba ce ni." Ta kife wayar ta tashi dafa wa Kawu shayi. Na ji jan ƙafarta har kicin, na ji kamar in ciji harshena.

Lahadi, 12 ga Oktoba, rana

Ban faɗa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, 3:00 na rana

An sa ranar shofa, Juma'a talatin da ɗaya ga wata. Mu a Funtuwa ba mu san wannan ba. A nan mai neman aure yana zuwa da babbansa ya zauna a gaban uban yarinya, ita kuma ta shigo da tiren lemo fuska a buɗe, su ga juna. Hashim ya ce abin dariya ne a kai shi kallon wadda yake gani kullum da hannu duk kumfar sabulu, amma zai sa sabuwar riga, ni ma in yi kamar ban taɓa ganinsa ba.

Na ce to, wannan mai sauƙi ne.

Madam ta ce na zuba gishiri sau biyu a miya, ko lafiya? Na ce ciwon kai. Ta ba ni ƙwaya biyu ta ce in kwanta. Matar nan ba ta da laifi, amma yau da ta yi mini sannu ta ce "salamtik, ya Surayya" sai na ji kamar in kurma ihu in ce ba sunana ba ne, ba sunana ba ne, jama'a ku bar ni haka.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya ta yi lalle. Ta ce wai don zafin tafin hannu ne.

Na ga sabon yadi ruwan toka a ƙarƙashin filonta. Ban tambaya ba. Ita ce dai ta tambaye ni, muna tsinke ganye, wai Hashim yana cin yaji? Na ce yana ci. Wai da gaske ne yana tsoron kyanwa? Na ce ai na gaya miki tun bara. Ta ce e, ta tuna.

Sai yanzu nake lissafi. Shekara biyu duk Alhamis ina dawowa in zube a katifa in kwashe mata labarinsa kaf: abin da ya ce, yadda ya yi dariya, ranar da ya tsaya a rana awa guda yana gyara mini takalmi. Tana kwance tana saurare, tana cewa "ba'adain? sai me ya ce?" Ni sakarya ina jin daɗi na samu mai saurare. Ban taɓa tambayar kaina yadda mutum ke ji ba idan ana ta faɗa wa wata kalmomin so da sunansa.

Kashi na takwas, Kofur ta cire abin kunnen ta kifa kai a sitiyari. Yaya ba ta ce miskina ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, safe

Ban faɗa ba. Ina jin haushin kowa, har kyanwar maƙwabta.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Zan rubuta wannan a hankali don kada in ƙara ko in rage.

Kashi na tara. Ana ruwan sama, Kofur ta tare Mai Jan Baki a wurin ajiye motoci. Karon farko ke nan da suka tsaya fuska da fuska. Kofur ta buɗe baki, Yaya ta fara fassara. Ta ce, "Tana cewa, ki yafe mini. Na san ke yake so. Ban taɓa roƙon kowa komai ba, ban taɓa samun abin da aka ce nawa ne ba. Ke kina da ƙafa, kina da fuska, wani zai zo. Ni wannan ne kaɗai ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofata, ko da kuskure ne."

Ina kallon allon. Matar ta daɗe da rufe baki, har ta juya baya, Yaya na ta magana. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Da ta shiga ba Kawu magani na ɗauki wayar na mayar da wurin baya, na tsayar, na bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kalma biyu ce kacal, kuma na san su, don Hashim na faɗa mini su duk Alhamis: irkabis sayyara. Shiga mota. Abin da Kofur ta ce ke nan.

Na ajiye wayar yadda ta bar ta. Da ta dawo ta ce mu ƙarasa? Na ce mu ƙarasa.

Asabar, 25 ga Oktoba, 6:30 na safe, a bas

Na tsane ta. Astagfirullah, ban tsane ta ba. Ita ta raba bargonta biyu ranar da na zo gidan da leda ɗaya. Ita ta zauna a kaina kwana biyar da na yi zazzaɓi ina tsoron asibiti. Ta ba ni sunanta ba ta nemi ko na gode ba. Amma Hashim nawa ne, ya Rabbi, ni ya gani, ni ya zaɓa. To wace ni ɗin?

Talata, 28 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Na faɗa.

A bayan kicin, wajen tankin ruwa. Na yi ta tsara magana tun asuba, da na zo sai ta fito a hargitse kamar an zubar da kwanon wake. Umara, hoton iƙama, Kawu bai sani ba, akwai Surayya ta gaskiya, ita ce za ta shigo da tire. Bai katse ni ba. Yana ta juya makullin mota a yatsa har na gama.

Ya ce, "Ya'ani ba ki da komai? Ko wadda ta ƙare?"

Na ce babu.

Ya ce, "Na zauna ina ba ki labarin Othman kina kallona."

Na ce e.

Sannan ya ce, "To ke wace ce?"

Na ce Mariyamu. Ya maimaita sau ɗaya, a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da bai sani ba. Sai ya ce yara na jira a makaranta. Ƙarfe huɗu, yaran suna saman bene tun ɗaya da rabi.

Laraba, 29 ga Oktoba, rana

Shayinsa ya huce a kan taga. Na zubar, na sake dafawa, shi ma ya huce.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Madam ta sa shi ya kai ni bakin titi in hau bas kamar kullum. Bai ce irkabi ba, ya dai buɗe ƙofar baya. Mun wuce gidajen bakin teku duka. Sai da ya tsaya ya ce, yana kallon gaba, "Ammi ya gaya wa duk dangi. Idan na fasa sai na faɗi dalili, idan na faɗi dalili tsohon nan zai ji. Ammi ya ce zuciyarsa ba ta ɗaukar komai yanzu."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ita ta san da ni?"

Na ce, "Ta san ba ka shan sukari. Ta san kana tsoron kyanwa."

Ya kusa yin dariya, wallahi na gani a gefen bakinsa, sai ya haɗiye. Na jira ya ce wani abu, ko zagi ne. Bas ta zo na sauka.

Juma'a, 31 ga Oktoba, 11:00 na safe

Kawu ya sa na goge masa babbar riga sau biyu. Yau ba fim.

Juma'a, bayan magariba

Sun zo bayan la'asar, shi da Ammi Mahmudu. Ina kicin, ban leƙa ba. Na ji tsofaffin biyu suna tuna buhunan shinkafa da wani ogansu mai masifa, Kawu na dariya har da tari. Muryar Hashim sau ɗaya na ji, da ya amsa gaisuwa.

Ni na matse mangwaro, na jera kofi uku. Yaya ta shigo cikin rigar ruwan toka, ta yi kyau, ba zan yi ƙarya a littafina ba. Ta tsaya ta riƙe bakin ƙofa ta ce, "Mariyamu, idan kin ce kada in shiga, wallahil azim ba zan shiga ba. Ki ɗauki tiren. Ni zan yi wa Baba bayani, abin da zai faru ya faru."

Da gaske take, na san fuskarta. Tiren na gabana, taku bakwai ne daga kicin zuwa falo, na sha ƙirgawa. Sai Kawu ya ɗaga murya daga can, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Ina amaryar ne? Ko sai na zo na ɗauko ta?"

Na gyara mata mayafi a kafaɗa. Na ce, "Na hannun dama nasa ne, babu sukari. Ki tafi a hankali kada ya zube."

Na ji jan ƙafarta, taku bakwai. Na ji shiru. Ban san tsawonsa ba, na riƙe bakin famfo da hannu biyu. Daga nan Ammi Mahmudu ya ce masha Allah, Kawu ya ce to mu yi fatiha.

Ba zan rubuta abin da ya sa ya amince ba, don ban sani ba. Tausayin tsoho ne, ko takarda ce, ko haushina. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Da suka tafi ta shigo ɗaki da ɗan akwati ja, sarƙar nan mai suna a ciki. Ta ce in ɗaure mata. Na ɗaure. Siririn rubutun ya zauna daidai a wuyanta, ya fi yadda yake a waya kyau.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 10:00 na safe

Na gaya wa Madam na bar aiki, Inna ba lafiya. Ta rungume ni ta ba ni hoton iƙamar daga cikin durowa. Ta ƙofar gaba na fita, karon farko a shekara biyu, don kada in bi ta wajen tankin ruwa.

Na ajiye wa Yaya takardar a ƙarƙashin filo, inda yadin yake da.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yaya ta ce mu kalli kashi na goma, wai yau Mai Jan Baki za ta ji gaskiya. Na ce ta kalla ta ba ni labari, ina da wanke-wanke. Ta ce ba ta kallo ba tare da ni ba. To yana nan, babu wanda ya san yadda suka ƙare.

Ina kicin wayarta ta yi ƙara. Hannunta da man zafi tana shafa wa Kawu a kafaɗa, sai ta danna da gwiwar hannu, muryar Hashim ta fito fili har inda nake. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Surayya?" Ya ja ƙarshen.

Na ce, "Na'am."

Da ƙarfi na faɗa, da kumfa a hannuna, kafin in kama bakina.

Kawu ya ce, "Mariyamu, wa ya kira ki?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu." Na buɗe famfo.